Kunnen Hagu na Babanmu

Babanmu bakanike ne, shekara talatin da ɗaya a garejin kamfanin bas guda. Ni ce babbar 'yarsa, malamar firamare, kuma duk wanda ya san ni ya san ban iya magana a hankali ba. Aji mai yara sittin ne ya mayar da ni haka. Na faɗi wannan tun farko don in kare kaina, saboda ni ce ta ƙarshe a gidanmu da ta gane Baba ya daina ji.

A gareji ba mai kiransa da sunansa, Kunne suke ce masa. Direba zai shigo da bas yana ta zuba bayani, wai tana cijewa a hawa, wai tana shan mai. Baba ya ɗaga masa hannu ya ce ya yi shiru, ya tayar da ita kawai. Sai ya zagaya motar sau ɗaya, kansa a karkace, ya ce a kwance nozil na huɗu, cikin masu fesa wa inji mai. A kwance, a tarar haka ne. In ciwon ya ɓuya can ciki, yana da wani dogon sukudireba mai jan mariƙi. Zai ɗora bakinsa a jikin inji, ya manna mariƙin a kunnensa na dama, ya rufe ido. Sukudireban nan bai taɓa kwance ko ƙusa ɗaya ba, aikinsa saurare ne kawai, kuma ba wanda ya isa ya taɓa shi.

A gida ma da kunnen nan muka taso. Yana kwance a ɗaki zai ce wadda ta fita da takalmin uwarta ta dawo da shi. Shiga tasi da Baba kuwa abin kunya ne, don kafin a kai rabin hanya ya gaya wa direba abu uku da ke damun motarsa, ba tare da an tambaye shi ba. Ni yana ce mini Uwata, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, amma wannan bai hana ni shan faɗa ba lokacin da na sayi tsohuwar motata. Duk ranar da ya shiga sai ya ji wani abu, har na fara zargin ƙirƙira yake yi.

Wata Talata babur ɗinsa ya yi faci, na ce bari in sauke shi a wurin aiki kafin in wuce makaranta. Kwana huɗu ke nan motar ta fara wani siririn kuka daga gaba, kamar gyare ya shige cikin injin. Na shirya wa faɗa, har amsa na tanada: ai yau ɗin nan nake shirin kawo maka ita. Muka fita daga layinmu, muka hau titi, muka tsaya a danja. Kukan nan yana ta yi, har mai babur ɗin da ke gefenmu ya waiwayo. Baba yana kallon hanya abinsa. Da muka isa ya sauka, ya daddaɓa gaban motar, ya ce, "Madalla, Uwata. Kina kula da ita."

Na ce to. Sai da ya shige ƙofar garejin na iya sa giya.

Da na tashi daga makaranta gidan na wuce kai tsaye. Na tarar da Umma tana goge masa rigunan aiki a tsakar gida. Ita Umma in tana magana sai ka matso, ban san inda na samo tawa muryar ba. Na gaya mata abin da ya faru, ba ta ko ajiye dutsen gugar ba.

"Sai yanzu kika sani?" ta ce. "An yi shekara uku."

"Shekara uku, Umma? Ai ina yi masa magana yana amsawa."

"Ke ko bango kika yi wa magana ai sai ya amsa."

Na tambaye ta me ya sa ba ta gaya mini ba. Ta ce shi ya hana, kuma ni in na ji, unguwa ta ji. Raina ya sosu. Ashe duk tsawon lokacin nan ita ke ɗaukar masa waya ta ce yana banɗaki. In za ta yi masa magana sai ta zagayo gabansa ya ga bakinta. Ta naɗe rigar da ta gama, ta ce duk wannan bai dame ta ba kamar zaman benci. Tun aurensu, da yamma suna zama a bencin ƙofar ɗaki, rediyo a damansa, ita a hagunsa, tana ba shi labarin yini. Yanzu sai dai ya riƙa cewa haka ne, haka ne.

"Rannan na ce masa an kwantar da ƙanwata a asibiti," in ji ta. "Ya yi murmushi ya ce madalla. Tun ranar na daina. Zaman muke yi kawai."

Washegari na je garejin da sunan kai masa saƙo. Na hango shi a gindin wata bas da sukudirebansa, na tsaya daga nesa ina kallo. Mariƙin ba a kunne ya sa shi ba. A bayan kunnen ya danna shi, kan ƙashin nan mai tauri, ya rufe ido. Can ya ɗago ya nuna wani wuri da yatsa, aka fara kwancewa.

Wani tsohon direba da ake kira Dogo, abokinsa tun kafin a haife ni, ya ja ni gefe bayan tulin tayoyi. Ya ce su duk sun sani. In suna son ya juyo, sifana suke bugawa a ƙarfen bakin ramin gyara, ya ji girgizar a ƙafarsa. Ya ce aikin inji kam har yau ba wanda ya kama ƙafarsa, muddin sukudireban yana hannunsa.

"Amma makon jiya, 'yata, bas tana baya, ana ta ihu, shi yana tsugune yana tattara sifanu. Da wuyan riga na fizgo shi. Taya ta taka hularsa."

Na tambaye shi ko manaja ya sani. Ya ce ba dai daga bakinsu ba. Da ya rako ni wurin mota na tayar, ya saurara ya ce boris ɗin altaneta ne, abin nan mai cajin batir, zai iya kai ni wata biyu ko uku, amma in kawo a canza. Na ce masa a bar shi tukuna. Ni kaina a lokacin ban san dalilin da ya sa na faɗi haka ba.

Da yamma na tare Baba yana wanke hannu da garin sabulu a bakin famfo. Na tsaya a gabansa na faɗi duk abin da ke bakina, har maganar hular. Bai musa ba. Ya ɗauraye hannunsa, ya goge a tsumma, ya ce, "Saura wata goma sha huɗu, Uwata."

Wata goma sha huɗu ya rage ya yi ritaya da cikakken fansho. Tsoronsa shi ne in kamfani ya ji ya kurumce, a sallame shi kafin lokacin a kan rashin lafiya. Ya ce ba fanshon kaɗai ba. Mutumin da aka yi shekara talatin ana kira Kunne, a ce da kurumta aka raka shi ƙofa, ina zai sa fuskarsa?

Na ce ai kamfanin ya yi musu inshorar lafiya, ina katin? Ya shiga ɗaki ya fito da wani gwangwanin biskit da yake ajiye takardu. Katin yana cikin ambulan ɗinsa, ko yage bakin ba a yi ba.

"Wannan tarko ne," ya ce. "Ni fulogi ɗaya in na karɓa a sito sai na sa hannu, takarda ta hau teburin manaja. Kamfani ne ke biyan katin nan. Wanda ke biya kuwa sai ya ga abin da aka yi. Ki bari in yi ritaya, washegari ki kai ni duk inda kike so."

Sannan ya ƙara da cewa kada in damu, yana yi wa kunnen sabis da kansa. Na ce wane irin sabis? Wai man keken ɗinki yake ɗigawa, in ya kwana biyu ya hura da tiyon iskar gareji, daga ɗan nesa. Ranar kam maƙwabta sun ji muryata. Shi ma ya ji, don sai da ya ja da baya.

Na ɗauke katin na sa a jaka, na shiga nema. Ban ma san sunan abin da nake nema ba. Wata abokiyar aikina ce ta gaya mini akwai likitan kunne mai magani da tiyata, akwai kuma mai gwajin ji, wanda aikinsa ya auna yadda mutum ke ji ya daidaita masa na'urar ƙara ji. Na duba a waya na sami wurare biyu. Na farko na je na tarar ya zama shagon tayil. Na biyu kanti ne kawai, na'urori a cikin gilashi kamar agoguna, mai shagon ya ce shi bai san wata inshora ba, in zaɓi wadda ta yi mini kyau. Ko tambayar wane kunne bai yi ba.

Na kira lambar da ke bayan katin sau biyar. Kowane kira sai wata murya ta ce in danna ɗaya, in danna uku, daga nan a sa mini kiɗa. A na biyar na kashe wayar na ce gobe da ƙafata zan je, kuma sai sun gane kurensu.

Ofishin inshorar yana hawa na biyu, da kujerun ƙarfe a haɗe da juna da fanka mai juyawa a kasale. Lambata ta kai ni tebur na huɗu, wurin wata mata mai gilashi da igiya a wuya, da ɗan fulas na shayi a gefen kwamfutarta. Har yau Mai Gilashi muke ce mata a gidanmu. Na ajiye katin na fara da maganar kiɗan da suka sa mini.

"Zauna, malama, ki huta tukuna," ta ce.

Na ce ina ta san ni malama ce? Ta ce tun daga matakala ta ji ni.

Na ce ta buɗe mini bayanan mahaifina in ga abin da katin ya ƙunsa. Ta ce ba za ta buɗe ba. Na ce ni ce babbar 'yarsa, ga katin shaidata. Ta ce ta yarda, amma sai shi da kansa, ko da izininsa a rubuce. Na tashi tsaye. Na gaya mata ni na bar aji na zo, na gaya mata abubuwa da dama waɗanda ba sai na maimaita su a nan ba. Ta bari na gama, ta zuba shayi a murfin fulas ta turo mini. Ta tambaye ni me ya hana shi zuwa. Ban san lokacin da na zauna na gaya mata komai ba, da manaja, da wata goma sha huɗu, da hular da taya ta taka.

Ta cire gilashin ta bar shi ya faɗa a ƙirjinta. "To, malama, ke da kike 'yarsa na hana ki gani. Kina jin manajansa zan nuna wa?"

Da na koma gida na gaya wa Baba an hana ni. Ya sa na maimaita. "An hana ki? Ke?" Ya yi dariyar da na daɗe ban ji ya yi ba. Ya ce lallai yana son ya ga matar nan da idonsa.

Ranar hutunsa muka je. Ya sa rigarsa ta fita, ya zauna a bakin kujera, hula a gwiwa. Mai Gilashi ta juyo da kujerarta ta fuskance shi sosai. Ba ta ɗaga murya ba, a hankali ta riƙa magana tana buɗe baki, ashe mahaifiyarta ma ba ta ji. Ta ce masa abin da kamfani ke samu daga wurinsu jerin sunayen ma'aikatan da aka yi wa rajista ne kawai. Ciwon mutum tsakaninsa da asibiti ne da su. Ta buɗe ɗan littafinsu ta ja layi a wurin da jan biro ta ba shi ya karanta da kansa.

Daga nan ta bi abin da katin ya ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Gwajin ji yana ciki, ganin likitan kunne yana ciki. Na'ura kuwa ta kunne ɗaya suke biya. Amma kada mu je kai tsaye, sai ya fara zuwa asibitin da aka yi masa rajista a ba shi takardar turawa, su kuma su ba da lambar amincewa. In ba haka ba, ba za su biya ba. Ta rubuta mana masu gwajin ji uku da ke karɓar katin.

Baba ya yi godiya, ya ce ya ji daɗin bayani, in Allah ya kai mu ya yi ritaya zai zo a yi.

"Baba," ta ce, "katin nan da aikinka yake tafiya. Ranar da ka ajiye aiki, ranar ya daina."

Ya dube ni, ya dube ta. Ya juya hular a hannunsa sau biyu. "Wato da na jira, na jira banza ke nan."

Ta ce haka ne. Ya miƙa mata katin ya ce ta buɗe, kuma ta bar 'yarsa ta gani, kada ta rushe musu ofis.

Takardar turawa ba ta ba mu wuya ba, lambar amincewar ce ta ci kwana tara. Asibitin ya rubuta shekarar haihuwarsa ba daidai ba, takardar ta maƙale. Mai Gilashi da kanta ta kira ni a waya ta ce in je a gyara kafin a mayar da ita baya. Ba aikinta ba ne ta kira ni, kuma bayan abin da na faɗa mata ranar farko ba ni da haƙƙin ko gaisuwa a wurinta. Har gobe ina yi wa matar nan addu'a.

Cikin ukun da ta rubuta, ɗaya yana wani gari, ɗaya layinsa ya kai wata biyu. Ta ukun tana saman wani kantin magani, a kan hanyar da nake bi zuwa makaranta kullum. Shekara shida ina wucewa ban taɓa ganin allon ba, rumfar mai kantin ta rufe rabinsa.

Mai gwajin ji ɗin yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Baba ya dube ta ya dube ni, na gane abin da yake nufi, na kawar da kai. Ta haska cikin kunnuwansa da wata 'yar fitila, ta tambaye shi me yake sawa a ciki. Ni na faɗa mata. Da na zo kan tiyon iska ta ajiye fitilar a hankali ta ce, "Baba, Allah ne ya tsare maka dodon kunnenka. Daga yau an rufe wannan garejin."

Ta shigar da shi wani ɗan ɗaki mai katifa a bango da taga ta gilashi, ta ɗora masa abin saurare a kunnuwa biyu, ta ba shi maɓalli ta ce duk lokacin da ya ji ƙara ya danna. Ita ta zauna a waje gaban na'urarta, ni ina bayanta. Aka fara, Baba yana dannawa daidai, ko ɗaya bai kuskure ba. Har na fara murna. Sai na ga ta yi murmushi, ta motsa kafaɗarta ba tare da ta taɓa komai ba. Baba ya danna. Ashe ta gilashi yake kallon hannunta. Ta tashi ta shiga ta juya kujerarsa ya fuskanci bango.

"Baba, satar amsa a gaban malama?" ta ce.

Da aka sake, abin bai yi daɗin kallo ba. Tana aika ƙara, ina ganin alamar tana haske, shi yana zaune da maɓalli a hannu yana jira. Ina kallon ƙeyarsa da furfurar da ban lura ta yi yawa haka ba. Na juya na yi kamar ina karanta wata takarda a bango.

Sannan ta cire abin sauraren, ta ɗaura masa wani ɗan abu baƙi a bayan kunne, daidai kan ƙashin nan. Tana komawa ta taɓa na'urar, ya danna. Ta rage, ya danna. Ta sake ragewa, ya danna, ya juyo da kujerar gaba ɗaya yana magana ta cikin gilashi. Ta buɗe ƙofa.

"Ai wannan sukudireba ne," ya ce.

Ta ce wane sukudireba? Ya kwatanta mata da hannu, bakin a jikin inji, mariƙin a bayan kunne. Ta tambaye shi wa ya koya masa mayar da shi can. Ya ce ba kowa, da ya ga gaba ta toshe sai ya gwada baya. Yarinyar nan ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, ta zana masa kunne a takarda. Ta ce can ciki, inda ake jin, da sauran ƙarfinsa sosai, duk da ƙarar gareji ta ci wani abu. Hanyar shiga ce ta lalace. Akwai wasu ƙananan ƙasusuwa da ya kamata su riƙa motsi, tana zaton sun sandare, shi ya sa ƙara ta ƙashi take isa, ta iska ba ta isa.

"Sun cije ke nan," in ji Baba. "Kamar boris ɗin da ya rasa giris."

Ta ce kusan haka. Suka shiga hira kamar abokan sana'a, ni aka manta da ni. Da muka fito yana sauka matakala ya ce yarinyar nan ta san aikinta. Daga bakin Baba, ban taɓa jin yabon da ya wuce wannan ba.

Likitan kunnen da ta tura mu wurinsa ya tabbatar da maganarta. Ya ce a fara da na'ura, maganar tiyata a duba ta nan gaba. Muka koma wurinta don a auna kunnen da za a yi wa. Ta ce su biyun kusan ɗaya suke, tunda ɗaya inshora ta amince, shi zai zaɓa. Ni na riga shi na ce dama, ai shi ne kunnen aiki.

"Hagu," ya ce.

Na ce Baba, dama kake sa wa inji. Ya ce ya sani. Na fara yi masa bayani da muryar aji, ya ɗaga mini hannu yadda yake yi wa direbobi.

"Inji ina jinsa da ƙashi, Uwata. Uwarki ba a sa mata sukudireba."

Mai gwajin ta sunkuyar da kai ta rubuta hagu. 

Ranar da aka sa masa na'urar ina tsaron jarrabawa, Dogo ne ya kai shi. Kwanakin farko ya yi ta ƙorafi, wai cokali a faranti kamar ana buga guduma, wai muryarsa ta zama ta wani. Ya je aiki da hular sanyi ya rufe kunnen, ana zafi kamar me. A rana ta uku, in ji Dogo, ya ajiye sifana ya wuce ofishin manaja ba wanda ya kira shi. Ya cire hular ya juya masa kunnen hagu. Manaja ya leƙa ya ce tana aiki? Baba ya ce tana yi. Manaja ya ce to, bas ta tara tana jiransa tun safe. Iyakar maganar ke nan, abin da ya hana shi sakat shekara uku.

Bayan mako biyu aka ce ya koma a ƙara daidaita masa na'urar. Na zo ɗaukarsa da rana, Umma ta ce ita ma za ta, tana son ta ga yarinyar nan ta yi mata godiya. Tun kafin a sa masa na'urar bai shiga motata ba. Wata uku ke nan da ranar Talatar nan, kuma ban canza boris ɗin ba. Dogo ya yi mini magana sau biyu, mijina ya gaji ya daina.

Baba ya shiga gaba, Umma ta shiga baya. Na tayar. Na riƙe sitiyari, na ƙi kallonsa. Muka wuce gida ɗaya, muka wuce na biyu. Ta gefen ido na ga kansa ya fara karkacewa.

"Tsaya," ya ce.

Na taka birki.

"Kada ki kashe." Ya rufe ido. "Tun yaushe take wannan kukan?"

Na ce wata uku.

"Wata uku? Boris ɗin altaneta yana kuka wata uku kina yawo da shi a gari? 'Yar bakanike? In ya cije miki a tsakiyar titi da wa za ki yi kuka? Mutane su ce 'yar wa?"

Ya shiga faɗa, ya haɗo da man inji, ya haɗo da tayar baya da ya ce tun da ya shigo bai yarda da ita ba. Ni na kifa goshina a sitiyari ina ta zubar da hawaye ina cewa to, Baba, to. A rayuwata ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Ya zaci kukan faɗansa nake yi, ya ɗan sassauta ya ce ba komai, in buɗe masa murfin injin ya gani.

Yana ƙoƙarin buɗe ƙofa Umma ta yi magana daga baya, ƙasa-ƙasa, da muryar nan tata da sai ka matso. Da ni take, don ta saba yin maganarsa a gabansa.

"To, ga shi nan an dawo mana da shi. Mun shiga uku da faɗa."

Baba ya tsaya, ƙafa ɗaya a waje. Bai juyo ba.

"Na ji ki," ya ce. "Me kuma kika ce game da ƙanwarki? Da yamma ki faro mini daga farko."